Soyayyar Taliyar Shinkafa da Naman Shanu, Irin ta Mutanen Sin

Jama'ar aji, yau za mu karanta labarin wani abinci na ƙasa mai nisa. Za mu ji inda ya fito, za mu kuma koyi yadda a ke yinsa a gida. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne, nama ya yi tsada, itace ma ba shi samuwa da arha. Wannan abinci yana nuna mana yadda nama kaɗan zai ishi mutum huɗu, ya kuma nuna cikin 'yan mintoci. Ku karanta a hankali. Wanda bai gane wata kalma ba ya tambayi malami.

INDA ABINCIN YA FITO

Ƙasar Sin, wadda a ke kira Caina, tana can gabas da mu ƙwarai. A arewacinta alkama aka fi nomawa. A kudancinta kuwa, inda ruwan sama ya ke da yawa, shinkafa ce abinci. Can kudu akwai wani lardi mai suna Gwangdon. A ƙidayar da aka yi cikin 2020, mutanensa sun wuce miliyan 126. Babban birninsa shi ne Gwangzu, wanda Turawa su ke kira Kanton. Birnin kasuwa ne, yana bakin wani babban kogi. Tun 1957 a ke cin wata babbar kasuwar baje koli a cikinsa. Fataken ƙasarmu ma su kan je can saro kaya.

A cikin birnin nan akwai wani wuri mai suna Sha-ho. Mutanen wurin sun yi suna wajen yin taliya da shinkafa. Taliyar fara ce, mai faɗi, mai santsi. Saboda haka aka laƙaba mata sunan wurin, ana ce mata "ho fan".

In an soya ta da naman shanu, sunan abincin a bakinsu "gon cau ngau ho". Kalmomi huɗu ne. "Gon" busasshe ke nan. "Cau" suya ce ta juyawa da sauri. "Ngau" shanu ne. "Ho" kuwa taliyar ce. An ce busasshe domin ba a yi masa miya ko romo. Masu dafuwa na can suna gwada gwanintar mutum da shi, gama kayansa kaɗan ne, babu inda mai ganda zai ɓuya.

KAYAN DA ZA A TANADA

Wannan awo na mutum huɗu ne. Gwangwanin da mu ke nufi shi ne ƙaramin nan na madara.

Garin ɗanyar shinkafa, gwangwani 2.
Sitacin rogo ko na masara, na ci, gwangwani 1 da cokali 1.
Tsokar naman shanu, kwatan kilo.
Albasa 1, da lawashi ɗanye.
Tsiron wake, cikin hannu 2.
Man gyaɗa, cokali 6.
Soya sos, cokali 4.
Sukari kaɗan, da gishiri, da ruwan kanwa.

Abu biyu a nan suna bukatar bayani. Na fari, soya sos. Wani baƙin ruwa ne mai gishiri, ana sayar da shi a kwalba a kantunan birni. Da waken suya da alkama da gishiri a ke yinsa, a bar shi watanni ya nuna. Aikinsa a abincinsu kamar aikin daddawa ne a miyarmu. Iri biyu ne: akwai tsinkakke, shi ya fi gishiri, akwai mai kauri, shi ke ba abinci launi. In ba a samu ba, a jiƙa daddawa kaɗan, a tace, a sa gishiri. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba, amma abincin zai ciwu.

Na biyu, tsiron wake. Mutanen Sin suna da wani ƙaramin koren wake. Su kan jiƙa shi ya kwana, su zuba a kwando, su rufe a wuri mai duhu. Kullum su ɗauraye shi sau biyu ko uku. Bayan kwana 4 ko 5 ya fid da farin tsiro mai ƙaras-ƙaras. Inda babu shi, a yanka kabeji siri-siri a maimakonsa.

YADDA A KE YIN TALIYAR

Matan da suka iya ƙullun masa ba za su sha wuya a nan ba. A sami ɗanyar shinkafa irin ta tuwo. Wadda aka turara ba ta yi. A wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi.

A haɗa garin gwangwani 2 da sitaci gwangwani 1. A zuba ruwa wajen gwangwani 4, da ɗan gishiri, da mai cokali 1. A dama har gudaji su mutu. Ƙullun ya zama tsinkakke kamar madara. Ba a sa masa yis, ba a barinsa ya tashi. A aje shi rabin sa'a kawai, garin ya sha ruwa. Amfanin sitaci shi ne ya ba taliyar danƙo, don kada ta kakkarye a kasko.

Sa'an nan a ɗora tukunya mai faɗin baki da ruwa. A kife ƙaramin kwano a cikinta, yadda faranti zai zauna bisansa daidai, ba karkata. In ruwa ya tafasa, a shafa wa farantin ƙarfe mai. A zuba ƙullu kaɗan, iyakar abin da zai rufe fuskar faranti. A ɗora, a rufe tukunya. Cikin minti 2 ko 3 zai kumbura ya yi sheƙi. Ya nuna ke nan.

A sauke farantin da tsumma, gama tururi yana ƙuna. A ɗora shi bisa ruwan sanyi ya huce. A shafa mai a samansa, a ɓamɓaro shi a hankali. Haka za a yi ta yi har ƙullu ya ƙare. Kowane zubi sai an motsa ƙullun tukuna, domin gari yana kwantawa a ƙasa. Daga baya a naɗe kowane falle, a yanka shi faɗin yatsa. A warware da hannu ɗaya ɗaya. A bar ta ta sha iska kamar sa'a guda, gama mai ɗumi tana damewa a wuta.

YANKAN NAMA

Ku lura da wannan sashe da kyau, domin zai amfane ku ko a wani abincin. A ce wa mahauci ya ba da tsoka zalla, marar jijiya, irin wadda mai tsire ya ke zaɓa.

Ku dubi tsoka da kyau, za ku ga tana da zare-zare, duk sun miƙe sun nufi waje ɗaya. In aka yanka nama bin zaren nan, zaren zai fito dogo, haƙori ya sha aiki. In aka yanka a gicciye, wuƙa ta riga ta gutsuttsura zaren, nama ya yi taushi. Saboda haka a wasa wuƙa, a yanka a gicciye, falle-falle, ya fi yankan tsire siranta.

A zuba naman a kwano. A sa soya sos cokali 1, da sitaci cokali 1, da ruwa cokali 2, da ɗigon ruwan kanwa kaɗan. A cuɗa da hannu har naman ya shanye ruwan. Sa'an nan a zuba mai cokali 1, a juya, a rufe, a bari rabin sa'a a wuri mai sanyi.

Kowane abu da dalilinsa. Sitaci yana yi wa nama riga, ya tsare ruwan jikinsa. Mai yana hana fallayen manne wa juna. Kanwa tana sa taushi. Mutanen Sin suna amfani da wata farar hoda mai aiki irin nata. Amma a yi hattara, kanwa in ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano. A can waɗansu su kan ɗiga giyar shinkafa a naman. Ba tilas ba ne, abincin yana yin daɗi ba tare da ita ba.

Bayan taɓa ɗanyen nama, a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu, kafin a taɓa ganye.

KASKO DA WUTA

Kaskon mutanen Sin na baƙin ƙarfe ne, mai zurfi, gindinsa zagayayye. Suna kiransa "wok". In kun ga kaskon ƙosai, kun ga ɗan'uwansa. Shi za mu ɗauka.

Asirin abincin nan wuta ne. In kasko ya yi zafi ƙwarai, ruwan da ke jikin abinci yana bushewa nan take, gefensa ya ɗan yi ja, ƙanshi ya tashi. Mutanen Gwangdon suna kiran wannan ƙanshi "wok hei", watau numfashin kasko. In wuta ta yi sanyi, ko an cika kasko da kaya, sai ruwa ya taru a ƙasa. Suya ta koma dafuwa, nama ya yi tauri, taliya ta dame.

Don haka ga ƙa'ida uku. A haɗa wuta mai ƙarfi, da ƙirare busassu ko gawayi da ya kama sosai. A raba kayan biyu, a soya sau biyu. A jera kome kusa da hannu kafin a ɗora kasko: nama, taliya, yankakkiyar albasa, lawashi tsawon yatsa, tsiron wake, da sauran soya sos cokali 3 da aka dama da ɗan sukari a kofi. In suya ta fara, babu damar tashi neman wuƙa.

SUYA

1. A ɗora kasko ba kome ciki, har ya soma ɗan hayaƙi. A zuba mai cokali 1, a juya kasko man ya bi ko'ina.

2. A baza rabin naman, kada wani ya hau wani. A ƙyale shi kamar ƙirga talatin. A juya, a ƙara ƙirga talatin. A kwashe a kwano mai tsabta. Bai gama nuna ba, zai koma wuta.

3. A ƙara mai cokali 1. A zuba rabin albasa, a juya kaɗan. A baza rabin taliya. A ƙyale ta ta ɗan kama zafi tukuna. Sa'an nan a riƙa sa cokali mai faɗi ta ƙasa ana ɗagowa ana kifewa. Kada a tuƙa ta kamar tuwo.

4. A zuba rabin ruwan kofin nan ta gefen kasko, ya gangara bisa ƙarfe mai zafi. Haka ya fi ƙanshi. A juya har launi ya game taliyar.

5. A zuba tsiron wake da lawashi, a mai da nama. A juya kamar minti ɗaya, har nama ya nuna, ba sauran ja, tsiro kuma ya yi zafi har ciki. In kabeji ne, a sa shi tare da albasa. A juye a akushi.

A goge kasko, a sake yin haka da sauran rabin. Kowace suya ba ta wuce minti 5. Ku gwada wannan da naman miya, wanda ya kan yi sa'a guda ko fiye yana cin itace.

YADDA ZA A GANE TA YI

Masu dafuwa na Gwangdon suna duba abu huɗu. Taliya ta fito doguwa ba ta kakkarye ba. Launinta ya zama ɗaya, babu fari a nan baƙi a can. Nama ya taunu ba wahala. In an cinye, kada a ga mai kwance a gindin kwano. Da zafinta a ke ci. Su da tsinke biyu su ke ci, mu kuwa cokali ya isa. Ba su sa mata barkono, amma mai son yaji ya barbaɗa a nasa.

In ta farko ba ta yi kyau ba, a duba dalili. In ta manne, kasko bai yi zafi ba. In ta dame, kaya sun yi yawa. In nama ya yi tauri, ko yanka ne ya bi zare, ko ya daɗe a wuta. A gyara a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

GARGAƊI

Akwai abu biyu da ba a wasa da su.

Na fari, wuta da mai. A kawar da yara daga murhu. In mai ya kama da wuta, a rufe kasko da murfin ƙarfe, a janye itace. Kada a kuskura a watsa ruwa.

Na biyu, ajiya. Ɗanyar taliyar shinkafa ba ta son kwana a wuri mai zafi. Akwai wata ƙwayar cuta, wadda ido ba ya gani, da ta kan hayayyafa a cikinta ta bar dafi. Wuta ba ta kashe wannan dafi, sau da yawa kuma ba a jin wari. Cikin 2020, a lardin Gwangdon ɗin nan, waɗansu mutane sun ci irin wannan taliya suka kwanta, har aka yi rashin rai. Saboda haka a yi ta yau, a ci ta yau. In an ga ta kwana a waje, a zubar. Asarar gwangwani biyu ta fi asarar lafiya sauƙi.

To, jama'a, kun ji yadda mutanen wata ƙasa su ke sarrafa shinkafa. Ko ba ku yi taliyar ba, ku gwada yankan naman nan a gida cikin makon nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa.

TAMBAYOYI

1. Daga wane birni wannan abinci ya fito?
2. Don me a ke yanka nama a gicciye?
3. Me zai faru in an cika kasko da kaya?
4. Don me ba a barin ɗanyar taliyar shinkafa ta kwana?
5. Ku rubuta kaya biyar da a ke tanada kafin a ɗora kasko.