Ciwon Yana Cikin Saiwa: Abin Da Ke Cin Wakenmu A Jarfi Da Hawasha

A damanar da ta wuce, bayan ruwan kogi ya janye, kawuna ya shuka wake a jarfinsa kamar yadda ya saba tun ina yaro. Waken ya fito da kyau, ya yi yaɗo, har ya soma fure. Sai wata ranar Juma'a ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ustaz, ku da kuka yi karatu, zo ka duba mini. Ƙasa da laima, amma wake yana yaushi kamar wanda ya yi wata bai sha ruwa ba." Na ce, "To, Kawu, mu je in gani."

Abin da na tarar, na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun taɓa ganin irinsa. Ba gonar duka ta kamu ba. Wuri-wuri ne, kamar sanƙo a kan mutum: nan ganye ya yi rawaya ya langaɓe, taku uku gaba kuwa kore shar. Maƙwabta kowa da tasa. Wani ya ce ƙasa ce ta gaji, wani ya ce ido ne, wani kuma ya ce a zuba yuriya. Babu wanda ya ce a tuge tsiro ɗaya a duba saiwarsa, alhali kuwa can ne maganar take.

Kafin mu zo ga cutar, ya kamata mai karatu ya san su wane ne ke zaune a jikin saiwar wake. In ka tuge lafiyayyen wake, ko gyaɗa, ko ful, ko adasi, ka wanke saiwar a hankali, za ka ga wasu 'yan ƙullutu manne da ita, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar ta dawa. Waɗannan ɗakuna ne. Masu zama a ciki wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, irin waɗanda ake kira bakteriya, sunan wannan dangi kuwa Raizobiyam. Aikinsu shi ne su kamo naitirojin daga iska, su mayar da shi abincin tsiro. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, amma dawa da alkama da auduga ba su iya cin ko ƙanƙani daga ciki, sai an saya musu a buhu. Wake kuwa ya ajiye barori a gindinsa, yana biyansu da sukarin da ganyensa ke haɗawa da hasken rana. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan a 1886, sa'an nan a 1888 wani mutumin Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar kanta. Kakanninmu da suka sauka Mai Wurno a 1906 ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun zo da saninsu na cewa dawar da ta bi bayan wake takan fi kyau.

Ba Raizobiyam kaɗai ke wurin ba. Saiwa kullum tana tsatsar da wani ɗan ruwa mai zaƙi, saboda haka gefenta ya zama kamar kasuwa. A cikin ƙasar da ba ta cika cokalin shayi ba akwai miliyoyin ƙwayoyi iri-iri. Akwai fumfuna mai amfani wadda ke shimfiɗa zarenta nesa ta jawo wa tsiro fosfat da ruwa. Akwai masu gadi, irin su Basilus da Sudomonas da Tirikodama, waɗanda ke fitar da abubuwan da ke hana muguwar fumfuna sakewa. Akwai kuma ita muguwar fumfunar, tana kwance tana jira.

A ƙasarmu uku ne suka fi ɓarna, kuma kowace da alamarta. Raizoktoniya ta fi kama tsiro yana jariri: za ka ga wani jan miki a daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, tsiron ya kife. Makrofomina ita ce ta zafi da ƙishirwa. In ka ɓare bawon gindin tsiron da ta kashe za ka ga baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa garin gawayi. Fusariyam kuwa ta saiwa take shiga, ta hau cikin hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye, ta toshe su. Ita ce ta jarfin kawuna. Da na tsaga karan da reza sai ga layi mai ruwan ƙasa ya miƙe daga gindi zuwa sama. Shi ya sa ƙasa da laima tsiro yana mutuwa da ƙishirwa: ruwan yana nan, hanya ce babu.

To, ina labarin barorin da ke gindi? Nan ne hasarar ta zama biyu. Raizobiyam ta 'yan siraran gashin saiwa take shiga kafin ta gina ɗakinta. Fumfuna kuwa waɗannan gashin da ƙananan saiwoyi take fara ruɓarwa, watau ta rushe ƙofa kafin baƙo ya iso. Ɗakunan da aka riga aka gina su ma ba su tsira ba, domin da zarar ganye ya yi yaushi ya daina haɗa sukari, abinci ya yanke, masu aiki su tsaya. Mun gwada wannan da 'yan ajina. Ƙullutun lafiyayyen tsiro, in ka raba shi biyu, cikinsa ja-ja ne kamar nama, saboda wani sinadari ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja. Wannan yana aiki. Na tsiron da ya kamu kuwa kaɗan ne, cikinsu kore ko baƙi-baƙi, wasu sun zama kwanso. Sa'an nan saiwar da ke ruɓewa takan jawo masu cin mushe, su cika wurin, kasuwar ta canza mutane. Saboda haka ba waken bana kaɗai aka rasa ba, har da takin da dawar baɗi za ta tarar. Wanda ya san kuɗin buhun yuriya ya san abin da nake nufi.

A nan sai in ja kunnen masu cewa a zuba yuriya. Yuriya ba ta kashe fumfuna, kuma in ta yi yawa wake yakan rage gina ƙullutu, tun da ya sami na banza. A kuma lura, ba kowane kumburi ne alheri ba. Ƙullutun Raizobiyam a gefe yake manne, kana murzawa zai fita. In saiwar ce kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, wannan aikin wata 'yar tsutsar ƙasa ce, kuma raunin da take yi shi ke buɗe wa Fusariyam ƙofa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da masana suka gano a shekarun baya-bayan nan, cewa ƙasa ma tana da nata garkuwar. A 2011 wasu masu bincike a Holan suka ba da labarin wata gona inda Raizoktoniya take amma ba ta iya yi wa gwozar sukari ɓarna. Da suka dumama ƙasar har digiri 80, kariyar ta tafi. Da suka gauraya kaɗan daga cikinta da ƙasa mai ciwo, ciwon ya ragu. Ashe masu gadin nan ne, kuma rayayyu ne. A 2018 kuma masana na Barazil da Holan suka kwatanta irin wake mai jure Fusariyam da wanda ba ya jurewa, suka tarar mai jurewar ya fi tara dangin Basilus da Sudomonas a gindinsa. Watau irin da ka shuka yana da hannu wajen zaɓen maƙwabtansa.

Mu dawo gida. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka soma ban ruwa a Jazira, noman yana tafiya ne bisa juyi: auduga, dawa, lubiya, sa'an nan a bar ƙasa ta huta. A farkon shekarun 1930, da cututtuka suka durƙusar da auduga, ƙara hutun ƙasa na cikin magungunan da aka yi. Iyayenmu da suka yi aiki a hawashar wasu, suna zaune a kambo, sun sha wahalar wannan tsari, ba kuma zan yabe shi duka ba. Amma juyin nan yana hana fumfuna taruwa a wuri ɗaya. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, abu mai kyau a fuska ɗaya, sai dai wanda ya maimaita gyaɗa ko wake a fili ɗaya shekara bayan shekara, kiwon fumfuna yake yi. Fusariyam da Makrofomina suna da ƙwayoyi masu taurin bawo da ke kwana shekaru cikin ƙasa.

Juyin ma sai da lura. Fusariyam ɗin da ke toshe wake ba ya kama dawa, saboda haka dawa ko alkama tsakani suna rage shi. Makrofomina kuwa ba ta da zaɓe: tana cin dawa, tana cin riɗi, tana cin gyaɗa. Ita maganinta shi ne kada a bar tsiro ya galabaita da ƙishirwa lokacin fure. A ɗaya gefen, baƙar lakar Jazira tana riƙe ruwa, kuma in ruwan Abu Sitta ya kwana a gindin wake, saiwa da ƙullutu duka sukan rasa iska, fumfuna ta sami shiga. Shuka a kan kunya da fitar da ruwan da ya yi saura sun fi wani magani na kwalba. Masu son gwada ful masiri a nan kudu su tuna da abin da masu bincike na tashar Hudaiba da ke arewa suka daɗe da nunawa: shuka da wuri, ƙasa tana da zafi, ita ke kawo ruɓewar saiwa, a jira sanyi ya sauka.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ƙara wata matsala. Madani ta faɗi a Disambar shekarar, ba a karɓo ta ba sai Janairun 2025, kuma an wawashe hedikwatar Hukumar Binciken Aikin Gona da ke can, har da rumbun ajiyar iri. Manoma da yawa sun cinye irinsu ko sun baro shi, suka koma sayen na kasuwa wanda ba a san gonar da ya fito ba. Wasu daga cikin cututtukan nan kuwa a jikin iri suke tafiya. Wanda zai ajiye iri ya ɗiba daga sashen da bai yi sanƙo ba. Wanda zai wanke iri da maganin fumfuna ya tambayi malamin gona, domin wasu magungunan suna taɓa Raizobiyam ma, kuma irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba dabba.

Kawuna ya tuge waken da ya kamu ya ƙone shi a wajen gona maimakon ya bar shi ya ruɓe a wurin. Ya kafa turaku a gefen sanƙon don kada ya manta iyakarsa, ya ce bana masara zai sa a nan, da takin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Waken kuma zai mayar da shi can gefen tudu, inda ruwa ba ya kwana.