Dabarar Sol-Jel: Siririn Shafen da ke Ƙara wa Kaya Daraja

Da yawa daga cikin farantan sola da ake shigowa da su Nijeriya suna ɗauke da wani shafe a saman gilashinsu wanda ido ba ya gani. Kaurinsa bai wuce nanomita 100 zuwa 150 ba, watau silin gashin mutum ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Amma wannan shafe yana cikin abubuwan da ke bambanta kaya mai nagarta da maras nagarta. Dabarar da aka fi yin sa da ita kuwa ita ce ake kira sol-jel.

Sunan ya samo asali ne daga matakai biyu na aikin. Da farko akan narkar da sinadarin da ke ɗauke da silika, wadda ita ce tushen rairayi da gilashi, a cikin etanol, sannan a zuba ruwa da ɗan asid. Wannan tsinkakken haɗi shi ne sol. Sannu a hankali ƙwayoyinsa kan sarƙe da juna har ya yi kauri, kamar yadda koko ke kamewa idan ya huce. Wannan shi ne jel. Kafin ya kame ne akan tsoma gilashi a ciki a zaro shi a hankali, ko a fesa, ko a shafa da abin birgima, sannan a busar a gasa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin harhaɗa sinadarai na ƙasar Faransa, Ebelmen, ya lura da wannan kamewa tun wajen 1846. A 1939 masana biyu, Geffcken da Berger, suka yi wa kamfanin gilashi na Schott da ke Jamus rajistar hanyar shafa ta a kan gilashi. Daga baya kamfanin ya yi amfani da ita wajen ƙera madubin mota da tagogi masu rage zafin rana.

Abin da ya jawo hankalin masu masana'antu shi ne sauƙin kuɗi. Narka gilashi yana bukatar zafi na kimanin digiri 1,500, alhali shafen sol-jel yakan kammala a digiri 400 zuwa 500, wani lokaci ma ƙasa da haka. Har ila yau ba ya bukatar injunan zuƙe iska masu tsada waɗanda wasu hanyoyin shafe ke dogara da su.

Amfaninsa a farantin sola a bayyane yake. Fuskar gilashi takan mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata. Shafen silika mai ƙananan ramuka yana rage wannan asara, ya ƙara hasken da ke shiga da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Ga mai faranti ɗaya wannan kaɗan ne, amma ga masana'antar da ta shimfiɗa ɗaruruwa, kuɗi ne masu yawa a tsawon shekaru. Bugu da ƙari, ana amfani da dabarar wajen kare ƙarafan jiragen sama daga lalacewa, da hana tabarau karcewa, da kuma yin kaskon suya na seramik wanda abinci ba ya kamawa.

Sai dai kuma shafen yana da rauni. Idan kaurinsa ya kai kimanin nanomita 1,000 a shafawa ɗaya, yakan tsage wajen bushewa, saboda jel yana tsukewa sa'ad da ruwansa ke fita. Haka kuma ramukan da ke taimaka wa haske su ne ke sa shi saurin cinyewa. A lokacin hunturu, goge ƙura da busasshen tsumma ko tsintsiya yana kankare shi, kuma ba ya dawowa.

Saboda haka ya kamata mai sayen farantai da yawa ya nemi takardar bayanin kaya, ya duba ko gilashin yana da shafen, ya kuma bi ƙa'idar wanki da kamfanin ya gindaya: ruwa mai tsabta da burushi mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Saɓa wa ƙa'idar na iya jawo asarar garanti.