"Za su yi gwaji da ke": Abin da na koya a jinyar Goggo a Parakou

Kalma ɗaya ce ta kusa sa in ɗauke Goggo daga gadon asibiti a Parakou. Kalmar kuwa ita ce "gwaji".

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Aure ya kai ta Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, tun kafin a haife ni, can ta yi 'ya'ya da jikoki. Da hunturun da ya wuce aka kira ni da asuba, aka ce ta tashi alwala buta ta suɓuce daga hannunta, baki ya karkace, magana ta ƙi fita daidai. An kai ta wani ƙaramin asibiti a garin, aka tarar jininta ya hau sosai. Likitan ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, a wuce da ita Parakou, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai.

Daga Kano na taso, na ƙetara iyaka ta Chikanda a jihar Kwara, na bi ta Nikki. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, wanda tsofaffi ke kira Zugu. Har gobe akwai unguwar Zongo a Parakou, kuma idan ka shiga kasuwar Arzeke za ka ji Hausa ana ciniki da ita tare da Dendi da Bariba da Fulatanci. Sai dai da ka taka ƙofar asibiti, harshen aiki ya koma Faransanci.

Takardar da ta tayar min da hankali

A ɗaya daga cikin asibitocin da ɗaliban likitanci ke koyon aiki aka kwantar da Goggo. A rana ta uku da zuwana, wata yarinya sanye da farar riga ta zo da takardu a hannu. Ta gaishe mu, ta yi wa ɗan Goggo doguwar magana da Faransanci, don shi ne ɗan bokon gidan. Ita 'yar kudancin ƙasar ce, ba ta jin Hausa, Dendin nata ma bai wuce na gaisuwa ba.

Da ta gama, sai ya sunkuya ya ce, "Inna, wai za su yi gwaji da ke. Ki dangwala yatsa a nan."

Goggo ta miƙo hannun da ke motsi ba tare da ta tambayi komai ba. Ni kuwa na miƙe tsaye. Na ce, "Gwajin me? Wallahi ba wanda zai yi gwaji da ita ina nan."

Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, idan muka ƙi za su iya daina kula ta."

Goggo, da harshenta mai nauyi, ta ce, "Ɗan nan, zauna. Likita ya ce a yi, wa zai ce a'a?"

Wanda ya tashi a Kano ya san inda tsorona ya samo asali. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta yi ɓarna a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a ciki, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Hayaniyata ce ta jawo wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, wadda ashe 'yar Zongo ce. Ta karɓi takardar ta karanta, ta yi murmushi, ta dubi Goggo ta ce, "Hajiya, ba magani za a gwada a jikinki ba. Yarinyar nan ɗaliba ce, tana shekarar ƙarshe. Littafin kammala karatu take rubutawa a kan masu irin ciwonki. Tambayoyi za ta yi miki, ta duba takardun jinyarki. In kin yarda, to. In ba ki yarda ba, maganinki ba zai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Sunanki ma ba zai fito ba."

Cikin minti biyar ta warware abin da ya kusa zama rigima. Na zauna, kunya ta kama ni.

Yadda ake horar da likita a nan

Da na tsaya na yi tambaya, sai na gane cewa abin da na gani aikin yau da kullum ne a garin da ke da makarantar likitoci. Shekaru da dama a Kwatano kaɗai ake koyon likitanci a Benin, inda babban asibitin koyarwa ke ɗauke da sunan Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko, wanda shi kansa haifaffen Parakou ne. A 2001 aka kafa Jami'ar Parakou, jami'ar gwamnati ta biyu a ƙasar, kuma tana da tsangayar likitanci. Babban asibitin yankin Borgou da Alibori, wanda ake taƙaita sunansa da CHUD, ya zama asibitin koyarwa. Can ake turo marasa lafiyar da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci. Djougou, babban garin yankin Donga, yana da nasa asibitocin, ciki har da na ƙungiyar Ordre de Malte da ke aiki tun shekarun 1970, amma makarantar likitocin a Parakou take.

Tsarin karatun irin na ƙasashe masu amfani da Faransanci ne. Ɗalibi zai shafe kimanin shekara bakwai, farko a aji, daga baya a gefen gadon marasa lafiya. Kafin a kira shi likita sai ya gudanar da bincike, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai, sannan ya yi rantsuwar kama aiki. Ke nan kowace shekara akwai ɗalibai da ke yawo da takardun tambayoyi a ɗakunan jinya da unguwanni. Daga irin wannan aiki, da na malamansu, ake sanin ainihin cututtukan da ke damun mutanen arewacin ƙasar. Farfesa Thierry Adoukonou, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a jami'ar, ya wallafa bincike da dama a kan shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya a Benin.

Kuma ba kara zube ake yi ba. Jami'ar tana da kwamitin da ke tantance tsarin bincike a kan lafiyar ɗan Adam, akwai kuma irinsa na ƙasa baki ɗaya. A 2010 Benin ta kafa dokar da ta tsara ɗa'ar binciken lafiya. Tushen duk waɗannan shi ne ƙa'idar da aka fitar a Nuremberg a 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi, da sanarwar Helsinki ta 1964: kada a sa mutum cikin bincike sai ya fahimta, ya kuma yarda da kansa ba tilas.

Gwaji iri-iri ne

Matsalar ita ce a bakinmu kalma ɗaya ke ɗaukar kaya uku. Idan aka ɗebi jini don a gano zazzaɓin cizon sauro, gwaji muke cewa. Idan ɗalibi ya zo da tambayoyi don nazari, tafinta zai iya cewa gwaji. Idan za a ba mutum sabon maganin da ba a gama tabbatar da shi ba, shi ma gwaji ne. Na farko jinya ce. Na biyu nazari ne da ba ya canja maganin da ake ba ka. Na uku ne mai haɗari, shi ya sa aka fi tsananta masa sharuɗɗa: ana fara shi da mutane kaɗan don a ga ko yana da illa, sai a faɗaɗa don a ga ko yana aiki, sannan a kwatanta shi da maganin da ake da shi a jikin ɗaruruwa ko dubbai.

Gudun na ukun gaba ɗaya ba mafita ba ne, domin babu maganin da ke kantin magani da ba a fara gwada shi a jikin wasu ba. Ga misali daga wannan yanki, kuma a kan cutar da ta bar mana tabo a Kano. Rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wanda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, yana buƙatar sanyi kamar sauran allurai, alhali ƙauyuka da yawa ba su da wuta. A watan Nuwamban 2012, a Banikoara da ke yankin Alibori, aka yi wa mutane fiye da 150,000 allurar bisa sabon tsarin da ya yarda a riƙe ta ba ƙanƙara har kwana huɗu, matuƙar zafi bai wuce digiri 40 ba. Abin ya yi nasara, wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka. Haka nan rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Benin ta fara yi wa yara a watan Afrilun 2024, sai da aka gwada shi a kan yara kimanin 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai.

Ni da Goggo duk mun yi kuskure

Da na natsu na ga cewa ni da Goggo babu mai gaskiya a ranar. Ni na ƙi don tsoro, ban san abin da nake ƙi ba. Ita ta yarda don ganin girman farar riga, ba ta san abin da take yarda da shi ba. Da a ce takardar ta sabon magani ce, da Goggo ta dangwala yatsa haka nan. Da kuma na ci nasara a gardamata, da an rasa labarin mace ɗaya daga Zongo a cikin nazarin da zai iya amfanar wasu.

Labarin nata kuwa yana da amfani. Washegari ɗalibar ta dawo, ma'aikaciyar jinyar ta zauna a tsakani. A nan muka ji abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba. Shekara shida ke nan da aka gaya mata tana da hawan jini. Tana shan ƙwayoyin ne idan kanta na ciwo, da ta ji sauƙi sai ta ajiye.

Ta ce, "To, lafiyata lau nake ji, in yi ta zubar da kuɗi?"

Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa ba ya nuna alama, shi ya sa maganinsa na kullum ne. An taɓa gaya wa Goggo haka? Wataƙila an gaya mata, amma ta bakin tafinta, a gurguje. Likitan da ya ji irin wannan amsa daga bakin mutum ɗari tun yana ɗalibi, ba zai rubuta takardar magani ya yi shiru ba.

Abin da ya rage namu

Takardar neman izini da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta, mai dangwala yatsa kuma da Hausa ko Dendi ko Bariba yake tunani. Mai cike wannan giɓi yawanci ɗan uwa ne da ya yi 'yar makaranta, ga gajiya ga tsoro, kamar ɗan Goggo. Wannan ba a Benin kaɗai ba ne, haka yake a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa takarda a asibiti, a ko'ina ne, ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya sa hannu. Wannan na cikin jinyata ne ko bincike ne? Za a ba ni wani abu ko a ɗebi wani abu a jikina da ba don binciken ba da ba za a yi ba? Wace illa za ta iya biyo baya, kuma wa zai ɗauki nauyi? In na ƙi, ko na janye a tsakiya, me zai faru da jinyata? Wa zan kira idan na koma gida? A gwajin magani, ƙa'ida ta ce wanda ba ya karatu a samo masa shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya zauna a ji bayanin tare da shi. Mai bincike na gari ba ya jin haushin tambaya.

Na biyu, makarantun likitoci su ɗauki harshen mara lafiya a matsayin kayan aiki, kamar abin awon jini. Ɗalibin da zai shekara bakwai a Parakou ya kamata ya fita da kalmomin jinya a harsunan garin, kuma a riƙa shirya bayanin bincike da muryar da aka naɗa a waya don wanda ba ya karatu ya saurara.

Na uku ya fi shafar mu. Dattijuwar nan 'yar Zongo mutum ɗaya ce, kuma ba kullum take bakin aiki ba. Makarantar likitoci tana cikin garin shekara ashirin da ɗoriya. Idan 'ya'yan Zongon Parakou da na Djougou, musamman mata, ba su shiga sun zama likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya ba, iyayenmu za su ci gaba da yarda ko ƙi a cikin duhu.

An sallami Goggo bayan mako biyu. Ta koma Djougou, tana takawa da sanda, jikarta ce ke miƙa mata ƙwayar hawan jini kowace safiya bayan sallah. Kwanan baya da na kira ta, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ɗan nan, yarinyar nan mai takarda, ta ci jarrabawarta kuwa?"

Na ce ban samu labari ba, Goggo.

Ta ce, "To, Allah Ya ba ta sa'a. Amma ka ce mata ta koyi Hausa."