Mari Ba Magani Ba Ne

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da mari a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su, don neman gyaran hali. Wannan al'amari ya sa mu tunanin iyalan da ke jinyar mai taɓin hankali, waɗanda in sun ga maganin asibiti bai ci ba, sai su koma ga sarƙa.

Ciwon da mu ke nufi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya, watau mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, yana zaton ana ƙulla masa sharri. Tun 1952 aka fara maganinsa da chlorpromazine a Faransa. Amma kusan mutum 1 cikin 3 ba ya samun isasshen sauƙi da irin waɗannan magunguna.

Likita ba ya cewa ciwo ya gagara sai an gwada magani iri biyu, kowanne mako 6 a ƙalla, aka kuma tabbata majinyaci yana sha. In ƙin sha ne ko mantuwa, akwai allura wadda a ke yi wata-wata.

In kuwa ya gagara da gaske, sai a koma ga clozapine. A wani gwaji a Amurka cikin 1988, mutum 30 cikin 100 suka sami sauƙi da shi, amma 4 kaɗai da chlorpromazine. Sai dai yana da sharaɗi: ya kan rage ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta ga kamar mutum 1 cikin 100, saboda haka tilas a riƙa auna jini kowane mako a watannin farko. Zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, a garzaya asibiti nan take.

To, malamai da akawuna, ku jama'a ke tambaya. In wani ya ce muku magani ya ƙi, ku ce ya koma wurin likita, ya tambayi abin da ya saura. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Barnawa, ƙetaren kogi kaɗai. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.