Digiri mai haɗa fannoni: kada a yi cinikin biri a sama

A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu. Ganye ya yi rawaya ya bushe, cittar ta ruɓe a cikin ƙasa, manoman da suka ci bashi suka zuba a iri da taki suka tashi a tutar babu. Gano ƙwayar cutar aikin masanin cututtukan tsirrai ne. Amma faɗin inda za a samo iri mai lafiya, da yadda farashi zai kaya a kasuwa, da yadda za a shawo kan manomi ya hutar da gonarsa, wannan sai wanda ya san ƙasar noma, ya san lissafin kasuwa, ya kuma san halin jama'a. Irin wannan mutum ne jami'o'i ke alkawarin samarwa ta hanyar digirin da ke haɗa fannoni biyu ko uku a kwas guda.

Abin ba baƙo ba ne a kudancin Kaduna. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya sun saba ɗaukar darussa biyu tare da ilimin koyarwa. A reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan kuwa, digirin aikin gona na shekara 5 yana bi da ɗalibi ta kimiyyar tsirrai, kiwon dabbobi, nazarin ƙasa, tattalin arzikin noma da aikin malaman gona kafin ya zaɓi inda zai ƙware. A Ingila, Jami'ar Oxford ta fara haɗa falsafa, siyasa da tattalin arziki tun 1920.

Tarihin Nok ma ya ci moriyar irin wannan haɗin gwiwa. A 2021 masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Goethe ta Jamus da masana sinadarai na Jami'ar Bristol suka gano ragowar kakin zuma a jikin fasassun tukwanen mutanen Nok, shaidar cewa suna ɗiban zuma shekaru kusan 3,500 da suka wuce. Mai tono shi kaɗai da ba zai ga komai ba sai tsingaro.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace. Ƙofofi sun ƙaru ke nan, sunayen kwasa-kwasai masu daɗin ji ma sun ƙaru, kuma a nan ne iyaye ke buƙatar buɗe ido.

Amincewar NUC ga jami'a daban, amincewarta ga kowane kwas daban. Makaranta tana iya zama halastacciya alhali sabon kwas ɗin da take tallatawa bai samu izini ba. Hukumar tana wallafa jerin kwasa-kwasan da ta tantance a shafinta na intanet, kuma dubawa ba ta cin ko sisi sai kuɗin data. Haka nan duk gurbin karatun da bai bi ta hannun JAMB ba yana iya hana ɗalibi zuwa bautar ƙasa bayan ya gama wahala.

Abin da ya fi cin mutane shi ne batun lasisi. Digiri ba ya ba mutum ikon sa hannu a kan aikin ƙwararru. Injiniya sai da rajistar COREN, mai zanen gine-gine sai ta ARCON, malamin makaranta sai ta TRCN. Yaron da ya karanta kula da muhalli, ko da ya ɗan taɓa darasin zane a ajin farko, ba zai zama mai zanen gini ba. Wanda ya karanta kwas mai kalmar lafiya a sunansa bai zama likita ko nas ba. Sau da yawa uba ya sayar da buhunan citta ya biya kuɗin makaranta yana zaton ɗansa likita zai fito, sai ranar neman aiki gaskiya ta bayyana.

Masu tsallaka iyaka su ma su yi hattara. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, lamarin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo a Janairun 2024.

Ko kwas ɗin ya cika duk ƙa'ida, akwai sauran tambaya. Haɗa fannoni biyu na nufin malaman sassa biyu da ɗakunan gwaji biyu. Inda babu su, ɗalibi zai fito ya ɗanɗani ko'ina bai ƙoshi a ko'ina ba. Takardar talla ba za ta faɗi wannan ba. Ɗan aji uku na sashen ne zai faɗi ko sun taɓa shiga ɗakin gwaji, da kuma inda waɗanda suka gama gabansu suke aiki. Kafin cike fom kuma a duba kundin JAMB da kyau, domin kwas mai haɗa kimiyya da tattalin arziki yakan nemi kiredit a darussan ɓangarorin biyu, kuma yaron da ya yar da ɗaya tun yana aji ɗaya na babbar sakandare sai ya sake zama jarrabawa.