Digirin dokta a fannin kasuwanci: yaya ake samun malami mai jagora?

Jama'ar Allakaye, ga ɗan haske ga yaranmu da suka kammala masta. Jami'a ba ta rajistar ɗalibin dokta sai wani malami ya yarda ya jagoranci bincikensa, aikin aƙalla shekaru 3. Kuma ba kowane malami ke da izini ba, sai farfesa ko mai bi masa a muƙami, bisa tsarin hukumar CAMES.

To, ina za a nema? A tsangayar tattalin arziki da gudanarwa ta Jami'ar Djibo Hamani a Tahoua, ko ta Abdou Moumouni a Yamai. Ka fara karanta rubuce-rubucen malamin, sannan ka kai masa gajeren tsarin bincikenka, misali kan cinikin albasa a Madaoua. Wanda ya je hannu rabbana, sai a ce masa ya dawo baɗi.