Ciwon Da Ke Fakewa A Bayan Zazzaɓin Cizon Sauro

Kowane malami da ya taɓa zaman ƙauye ya san irin labarin nan. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu zazzaɓi ya kama shi, a ba shi maganin cizon sauro ya sha har ya ƙare, amma jikin nan ya ƙi sanyi. Ba gudawa, ba ƙurji, ba wata alama da za a kama. Kafin a ankara sai a ji an yi rashi. Mu da muke horon malamai mun sha jin wannan daga bakin ɗalibanmu in sun komo daga hutu, shi ya sa muka ga ya kamata a san ɗaya daga cikin masu wannan aika-aika.

Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira Salmonela, 'yar'uwar wadda ke kawo taifod. A ƙasashen Turai galibi takan ɓata wa mutum ciki ne na 'yan kwanaki ta wuce. A Afirka kuwa takan tsallake hanji ta faɗa cikin jini, kuma a nan ne take kisa. An ƙiyasta a shekarar 1917 da ɗari, watau 2017, mutum 535,000 suka kamu a duniya, 77,500 suka mutu. Wajen ɗaya cikin bakwai ke nan, mafi yawansu kuwa a Afirka kudu da Sahara.

Me ya sa ta fi ƙarfi a wajenmu? Domin ba ta shiga sai ta tarar da ƙofa a buɗe. Zazzaɓin cizon sauro yakan farfasa jajayen ƙwayoyin jini, wannan kuwa yakan raunana fararen da aikinsu ne cinye ƙwayoyin cuta. Yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin tare ta. Mai sikila saifarsa ta riga ta lalace, ita ce kuwa matatar jini. Ga manya, masu cutar ƙanjamau ta fi kayarwa. Abin da ya ƙara dagula al'amarin, irin da ya bazu a Afirka ya daina jin tsofaffin magunguna kamar ampisilin da Septrin. Gwajin Widal da mutane suka saba da shi ba ya nuna ta. Sai an ɗebi jini an rene shi a ɗakin gwaji, ƙananan asibitocin ƙauye kuwa ba kasafai suke da kayan wannan aiki ba.

To, ina maganar rigakafi? A nan sai a yi hattara. Allurar taifod ta zamani, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita a 2018, Laberiya da Zimbabuwe suka fara yi wa yara a 2021, Malawi ta bi a 2023, ba ta tsare yaro daga wannan 'yar'uwar. Tata allurar daban ake nema. Masana na kamfanin GSK a birnin Siyena na Italiya sun haɗa wata, an gwada ta a jikin manya masu lafiya a Oksfod ta Ingila. Jami'ar Marilan ta Amurka da kamfanin Bharat Biotech na Indiya kuma suna gwada wata mai haɗa taifod da manyan ire-iren nan biyu cikin allura guda. Har yanzu dai babu wadda aka ba izinin a yi wa jama'a, don sai an tabbatar da amfaninta a jikin jarirai, su da cutar ta fi ɗauka.